Akwatin Takardun da Ban Ƙona Ba

Da sunan Allah nake ci gaba da wannan rubutu, shi da ya bar ni har na ga jikoki. Wannan babin kam na ɗauki biro na aje ya fi sau goma. In na zauna sai in tuna ban ba tumaki ruwa ba, in na tashi sai in tarar an riga an ba su. Ke Balkisu, ke kika tambaye ni ranar sunan ɗanki abin da ya hana ni taka ƙofar makarantar kakanku ta Boɗinga, ga ta a bakin hanya, duk zuwana Sakkwato sai na wuce ta. Na ce miki ƙafa ke damuna. To ƙafata lafiyarta lau, ƙarya na yi miki. Na san kuma abin da kuka taso kuna ji a gidajen dangi, wai ubanku ya kunyata surukinsa a gaban baƙo. Wasunku sun yi faɗa a kaina saboda wannan magana. Ku zauna ku ji yadda aka yi, daga nan kowa ya san irin faɗan da zai yi.

Kakanku Malam Hali, mahaifin uwarku Luba, a zaurensa ya fara karantarwa. Da mutanen Sifawa da Lambara da ƙauyukan Shagari suka yi ta kawo 'ya'yansu, sai ya gina ɗakunan kwana, zaure ya zama makaranta mai azuzuwa, har gwamnati ta sa ta cikin waɗanda take ba malamai da hatsi. Ni a gabansa na tashi. Shi ya tura ni Sakkwato na koyo aikin malanta, da na dawo ya ba ni 'yarsa, ya kuma ba ni darasin insha'i, wato koya wa yara su rubuta abin da ke ransu da Larabci. Kullum da safe ni ke ɗaukar masa buzu zuwa makaranta, in shimfiɗa, in zauna damansa. Bai taɓa kirana da sunana tsura ba, sai dai ya ce Ladan ɗana. Ban san uba ba sai shi, kuma wallahi ina son tsohon nan.

Malam yana da wata al'ada da ya taho da ita daga karatun allo. A allo, in yaro ya yi kure sai a gyara, in ya iya a wanke, kuren ya tafi da ruwa. Da takarda ta zo sai Malam ya ce ita ma haka za a yi mata. Duk Laraba bayan la'asar, kowane malami zai yanke shafukan da yara suka yi kure daga littattafansu, yaran su sake kwafe abin da aka gyara da kyau, shafukan kuren kuma a tara su a kasko a ƙona a bayan masallaci, a binne tokar a wuri mai tsabta. A ganinsa harshen Alƙur'ani ya fi ƙarfin a bar shi a karye a kan takarda. Ba don ya ɓoye wa kowa komai yake yi ba, ku riƙe wannan. Girmamawa ce tsantsa.

Ni kuwa abin ya dame ni. Ina gyara kure yau, a ƙona shi Laraba, Asabar in tarar da shi ya dawo, a littafin yaron da na gyara wa. Yaranmu sun haddace littattafan sarfu, in ka tashe su daga barci za su rera maka yadda ake juya kalma tun daga farko har ƙarshe. Amma ka ce su rubuta layi biyar a kan kasuwar garinsu, sai su riƙa ƙera kalmomin da Balarabe bai taɓa ji ba. Jam'i dai mazubi ɗaya suka sani, komai a ciki suke zuba shi kamar mai buga bulo, gidaje su ce baituna maimakon buyutu. In za su ce marubuci kuma sai su ɗauko ma ɗin Hausa ta manomi da maɗinki su liƙa wa kalmar Larabci, su rubuta makatibi, suna ta jin daɗi sun yi Larabci. Na je na sami Malam na ce a bar mini shafukan ko na wata uku in jera su in ga inda ciwon yake. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

“Ladan ɗana, kure ba ya kwana gidan ga. Ka gyara, ka ƙona, Allah shi buɗa musu.”

Na ce to. Amma ni mutum ne mai taurin kai, kun san haka, kun sha fama. Larabar da ta biyo baya na kai kasko tsofaffin takardun lissafi a naɗe, shafukan ajina kuwa na cusa su a aljihun babbar riga. Haka na yi ta yi shekara biyu cur. Ina zuba su a wani akwatin kwano a ƙarƙashin gadon Luba, kowane wata da ƙullinsa, kowane shafi da sunan mai shi. Ranar Alhamis da ba karatu sai in baje su a tabarma in yi ta jerawa, in ga kuren da ya fi yawa, in shirya darasin sati a kansa. Kuma abin ya yi aiki, a hankali jan biro ya riƙa raguwa a ƙullin watanni. Luba ta sani tun ranar farko. Ba ta taɓa gaya wa mahaifinta ba, amma duk ranar da za ta share ɗaki sai ta yi ta mita, tana cewa na maishe ta mai gadin kayan sata, kuma ranar da Baba ya ji kada in sa sunanta.

A ajin nan akwai kawunku Mu'azu, ƙanen Luba, ɗa namiji tilo wurin Malam, yana da shekara goma sha bakwai. Yaro ne mai baki, mai ban dariya, ƙwaƙwalwarsa ba ta zama wuri ɗaya. Ya fi kowa ƙera kalmomin banza. A aji ba ya ce mini Malam sai na harare shi, mijin Yaya yake ce mini, yara su yi ta ƙunshe dariya. Wasan ƙanen mata ne, kowa ya san da shi, da ni mai haƙuri ne da na bar shi ya wuce. Abin da ya hana ni bari shi ne wata rana ina zaune damar Malam, wasu dattawan Sifawa suka zo gaisuwa, ya nuna musu Mu'azu ya ce ga wanda zai riƙe makarantar bayansa. Ni ma na ce Allah ya sa. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Ni da na ɗauki makarantar nan a ka shekara bakwai, a ce wanda bai iya jam'in gida ba shi zan koma ɗauka wa buzu? Akwai wani shafinsa da ya rubuta a kan ranar Sallah, kusan kowace kalma da jan biro a kanta. Shi ban sa shi cikin ƙullin watansa ba, a sama na aje shi. Duk ranar da ya ba ni haushi sai in ɗauko in karanta in ji sanyi.

Sai shekarar tsuke bakin aljihu ta zo, a ƙarshen mulkin farar hula na wancan lokaci. Sabulu ya ɓace a kanti, shinkafa sai da layi, rediyo kullum maganar a yi haƙuri. Muka ji ma'aikatar ilimi za ta rage makarantun da take tallafa wa, za a aiko sufeto ya duba kowace, wadda ya ce ba karatu a cikinta a cire ta. In aka cire mu, ba hatsi, ba malaman gwamnati, yara ɗari da wani abu kowa ya kama hanyar ƙauyensu. Makonnin nan ba wanda ya zauna. Aka yi farar ƙasa a bango, aka yi shara har bayan gari, duk ƙarar mota da aka ji daga titi sai malamai su leƙo ta taga. Ni abinci ma a tsaye nake ci. Malam kaɗai ke zaune a buzunsa yana jan carbi kamar ba shi ake zuwa dubawa ba.

Ranar wata Talata da hantsi, cikin damina, Landiroba ta shigo duk taɓo. Sufeton dattijo ne mai furfura, mai ladabi, ya durƙusa ya gaida Malam yadda ya kamata. Ajina ya zaɓa. Aka shimfiɗa wa Malam buzu a gaban aji, aka tara littattafan yara a tebur, mutumin ya yi ta buɗawa ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa. Da ya gama sai ya raba wa yaran farar takarda ya ce kowa ya rubuta masa layi biyar a kan ruwan sama. Yara suka tsorata, duk kuren da na yi wata da watanni ina kora ya dawo a guje. Ya karɓa ya duba, ya aje su kusa da littattafan, ya juya wurin Malam ya ce:

“Allah shi gafarta Malam, littahi arba'in na duba, ban ga kure ko guda ba. Ga kuma abin da sunka rubuta yanzu gabana. Wanda yar rubuta wanga ba shi yar rubuta wancan ba. In na kai rahoto haka, cewa za a yi kwahi aka yi nan, ba karatu ba.”

Malam ya yi masa bayanin ƙonawar Laraba a natse. Sufeto ya ce ya fahimta, kuma ya girmama niyyar, amma shi aikinsa abin da ido ya gani yake rubutawa, toka kuwa ba ta shiga rahoto. Ya fara tattara takardunsa, ya ce akwai makarantu biyu a gabansa kafin ruwa ya tare hanya. Na dubi Malam, ya sunkuyar da kai. Na dubi yaran nan, wasu ko takalmi ba su da shi, na san in suka koma gida karatu ya ƙare. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce a ba ni minti goma, na fita da gudu, babbar riga tana harɗe ni.

Na faɗa ɗaki na jawo akwatin. Luba tana tsakar gida tana tankaɗe, ke Balkisu kina goye a bayanta. Kallo ɗaya ta yi mini ta gane. Ba ta hana ni ɗauka ba, sai dai ta taso da garin a hannunta ta tare ƙofa ta ce:

“Ka hidda ta Mu'azu.”

Na ce babu lokaci, na ratse ta na wuce. To ga gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Akwai lokaci. Akwatin yana da nauyi, a gindin dogon yaron da ke bayan kicin ɗin makaranta na sauke shi in huta. Har na buɗe murfin. Ga shafin Mu'azu a sama yana kallona, ja wur. Yatsa biyu kawai zan sa in zare shi in tura aljihu. Na tsaya ina haki, na dube shi, na maida murfin na rufe, na ɗora akwatin a ka.

Da na dire shi a gaban aji, Malam ya ɗago ya dubi akwatin, ya dube ni. Na yi wa sufeto bayani, na ce ga aikin yaran na shekara biyu, wata bi wata. Ya sa hannu, abin da ya fara ɗauka kuwa shafin sama ne. Ya karanta layin farko ya yi murmushi, ya karanta na biyu da ƙarfi dariya ta ƙwace masa, yara suka taya shi. Ba da mugunta ya yi ba, bai san na wane ne ba. Ya tambayi wane gwani ne Mu'azu Hali. Mu'azu ya miƙe a hankali, yaron da bakinsa ba ya rufuwa, ya tsaya yana kallon ƙasa a gaban mahaifinsa. Sai a lokacin sufeto ya haɗa sunan da mai buzu, ya yi tari, ya tura shafin gefe. Ya zauna ya kwance ƙullin watanni ɗaya bayan ɗaya har azahar, yana gwada na farko da na ƙarshe, yana gyaɗa kai. Da zai tafi ya ce yanzu ya ga karatu, kuma zai rubuta haka. Ya cika alkawari, ba a cire makarantar ba.

Washegari da safe na je ɗaukar buzu na tarar Malam ya riga ya fito da shi a hammatarsa. Na miƙa hannu, ya ce in bar shi, ba nauyi. Ya ce Malam Ladan, an tashi lafiya? Tun da na zo gabansa ina ɗan shekara tara ban taɓa jin sunana haka a bakinsa ba. Bai yi mini faɗa ba, bai ambaci akwati ba, bai kore ni ba. Da ya zage ni a gaban jama'a da na fi samun sauƙi. Mu'azu kuwa yara suka laƙaba masa ɗaya daga kalmomin da ya ƙera, duk inda ya gifta sai an kira. Kafin kaka ya bar makaranta ya koma tashar motar Shagari yana lodin buhuna, aka yi rarrashin duniya ya ƙi dawowa. Ni ma zama ya gagare ni. In na shiga aji sai in ji kamar an ɗaure ni, in na fito ban san inda zan sa kaina ba. Na nemi a maida ni firamare a Shagari, aka maida ni. Ba a daɗe ba soja suka karɓi mulki, aka zo rage ma'aikata, sunana ya fito. Haka muka koma Lambara na kama noman albasa a fadama, da hannun da bai san komai ba sai alli. Ku manya kun tuna shekarun nan, kun tuna tuwon da ba miya. Makarantar da nake wa kishi, daga ni har Mu'azu ba wanda ya riƙe ta, wani ɗalibin Malam daga Sifawa aka ba.

Shekara shida Luba ke zuwa Boɗinga ita kaɗai, ni sai gaisuwar Sallah a ƙofar zaure, a tsaye. Da ciwon ajali ya kama Malam sai ya aiko in zo. Muka isa bayan la'asar, yana kwance a ɗakinsa ya rame ƙwarai, Luba ta zauna a kansa tana yi masa fifita. Ya sa aka fitar da kowa sai mu biyu. Ya ce maganar ƙona takardu ya daɗe da gane cewa ni ke da gaskiya, har ya sa an bar ƙonawa, ba ita ke ransa ba. Abu ɗaya ne ya hana shi sakewa da ni. Ya kama hannuna ya ce:

“Ka hwaɗa min tsakaninka da Allah. Ka san takardar Mu'azu na ciki sa'ad da kak kawo akwatin nan?”

Na ji bakina ya ce, “Ban sani ba, Malam. Gaggawa ta.”

Mafici ya tsaya a hannun Luba, sannan ya ci gaba. Malam ya lumshe ido ya yi hamdala, hawaye ya gangaro masa ta gefen kunne. Ya ce:

“Ashe zato nay yi maka shekara shida. Na zalunce ka, Ladan ɗana. Ka yahe min.”

Na ce na yafe. Ni, na ce na yafe masa. Ya sa aka ɗauko buzun nan ya ba ni, shi ne wanda kuke gani a ɗakina kuna tambayar me ya sa ba na salla a kansa. Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

A motar komawa Lambara Luba ba ta ce mini komai ba. Na jira ta yi magana a gida, ba ta yi ba. Na jira shekara ashirin da wani abu, muna ci tare muna dariya tare, ta haifa mini ku huɗu bayan nan, har Allah ya karɓi abarsa ba ta taɓa tayar da zancen ba. Sau ɗaya kawai, ina faɗa da kai Aminu a kan ka yi mini ƙarya game da kuɗin makaranta, na ɗago na ga tana kallona daga bakin murhu. Na aje bulalar na fita.

To kun ji. Masu cewa na kunyata kakanku don in ceci kaina ƙarya suke yi, makarantar na ceta, kuma ko yau aka maida ni ranar nan sai na ɗauko akwatin. Ku kuma da kuka yi faɗa kuna cewa ubanku ba shi da laifi, ku bar faɗan haka. Kawunku Mu'azu yana nan da rai a kasuwar Boɗinga, ya tsufa a kan buhunan albasa, duk ganina sai ya tashi ya ce mijin Yaya ya ba ni kujerarsa. Shafinsa yana nan, na sa shi a ambulan. Aminu, ranar Juma'a ka zo da mota da wuri ka kai ni wurinsa, in na ce maka ƙafata na ciwo kada ka saurare ni. Shi dai yana da kunnen da zai ji ni, ya yafe ko ya ƙi. Gafarar da Malam ya roƙe ni ranar nan ita ce ban san inda zan maida ta ba.